Farantin Baba Mai Agogo

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Umma, kumburin ya saɓe kuwa? Ni ma nan lafiya lau, in dai ana kiran wanda rabonsa da cin abinci da daɗin rai tun ranar da ya zo mai lafiya.

Kin ce in riƙa rubuto miki, wai a waya ba kya tsintar komai a maganata sai tsaki. To ga shi nan, amma ina gargaɗin ki, kada ki karanta kina cin abinci.

Yaya, ashe rufe mu aka yi a makaranta. Duk shekarun da na yi ina haddace sinadaran abinci, ina zana faranti an raba shi gida-gida da launi mai kyau, na ɗauka in na zo koyon aiki a asibiti farar riga zan saka, in zauna a ofis, in riƙa gaya wa masu ciwon suga su rage zaƙi. Ashe bokiti ne ke jira na.

Malamar da ke horar da mu, Sikeli muke kiran ta a bayan idonta, don ko gaishe ta ka yi sai ta auna gaisuwar kafin ta amsa. Ranar farko ta kai mu wani ɗaki a bayan kicin, ba taga, sai magudanar ruwa a tsakiya. Nan ake dawo da duk farantan marasa lafiya. Aikinmu mu buɗe murfi, mu kankare abin da aka rage, mu auna, mu rubuta, mu juye a bokiti. Wai ta haka ake sanin wanda ke ci da wanda ba ya ci. Wayyo ni! Na ga auduga mai jini a cikin shinkafa. Na ga naman da aka tauna aka tofar. Na ga majina a naɗe a takarda an cusa ƙarƙashin cokali. Jiya haƙoran roba na tsamo daga cikin romo. Safar hannu biyu nake sakawa, in fesa turare a takunkumi, amma warin nan yana bi na har kan matashina. Abokin karatuna, wani da muke ce wa Dogo, yana kankara yana fito, yana gamawa ya ciro burodi daga aljihu ya hau ci. Allah Ya yi mutane iri-iri.

Na san kina can kina dariya. Ni ce dai mai kofin nan da aka ɗaura wa jan zare a mariƙi don kada kowa ya kai shi baki. Umma ta sha faɗa cewa ƙyanƙyamina sai ya kai ni inda ba na so. To ki gaya mata bakinta ya kama ni. Amma ya zan yi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk wannan wasa ne a kan abincin waɗanda haɗiya ke yi wa wuya. A kicin ɗin nan ba sa wahalar da kansu. Shinkafa da kifi da ganye da karas, duk a watsa su cikin injin markaɗe guda, a tsiyaya ruwan zafi, a kunna. Abin da ke fitowa ba shi da suna. Launinsa tsakanin toka da kore, kamar abin da ake kwashewa daga kwata. Markaɗe suke ce masa. Har ruwan shansu ma sai an zuba masa wani gari ya yi kauri, don kada su ƙware, ka ga ruwa yana rawa a kofi. Sikeli ta ce kowa ya ɗanɗana, tunda mu za mu riƙa rubuta wa mutane shi. Na kai cokalin kusa da leɓe, ta juya, na goge a takarda. Allah Ya yafe mini.

An ba kowannenmu majinyaci guda da zai bi har ƙarshen horo. Nawa wani dattijo ne a ɗakin maza, gadon jikin taga. Gyaran agogo ne sana'arsa, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Mai Agogo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, haɗiya kuma da ƙyar. Matarsa ce ke jinyar sa, wata 'yar tsohuwa mai sanyin murya, Mama nake ce mata. Dokar Sikeli ita ce, duk wanda ba ya cin fiye da rabin farantinsa, to za a zura masa roba ta hanci har ciki, a riƙa ɗura masa abinci ta nan.

Ni da kaina na kai masa farantin farko, don in gabatar da kaina. Ina ɗaga murfin tururin ya bugi fuskata, na kau da kai na dire shi da bakin yatsu, na ja da baya. Daga nan inda na tsaya na yi wa Mama bayani, na ce in farantin nan ya riƙa dawowa cike, robar hanci ce za ta biyo baya. Yaya, ina ambaton roba sai Baba ya fara wani irin gurnani, yana dukan ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya. Mama ta riƙe hannun, ta ce in yi haƙuri. Wai wansa da roba a hanci ya rasu, an ɗaure masa hannu a gado don kada ya fizge, Baba yana kallo. Tun ranar ya sa ta yi masa alkawari ba za ta bari a yi masa haka ba. Na ce ai abin mai sauƙi ne, ya ci kawai. Na fita da sauri na nemi iska.

Ki aiko mini da sabulun nan mai ƙamshin lemo in kin sami mai zuwa. Ki gaida Umma da kyau, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai fama,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida gaba ɗaya. Saƙonki ya iso, sabulu da nasihar da ban roƙa ba, duka na gode. Na ji daɗi da kika ce Umma har ta taka zuwa ƙofar gida. Allah Ya ƙara sauƙi.

Yau da albishir na zo, ki ba ni goro. Ƙanwarki ta zama tauraruwa a ɗakin bokiti.

Kin tuna Baba Mai Agogo? Tun washegarin ranar da na yi musu magana, farantinsa fes yake dawowa, kamar an lashe. Safe da rana da yamma, ba ya rage ko na shafawa a sikeli. A duk masu cin markaɗe shi kaɗai ne haka. Na majinyacin Dogo kullum cike yake dawowa, har da tofi a kai, har an fara maganar saka masa roba. In na ɗaga murfin Baba na ga farin faranti, wallahi ji nake kamar in rungume shi, don shi ne kaɗai ba ya sa ni kankara. Sikeli ta duba abin da na rubuta, ta ɗaga gira, ta ce ba laifi. Ba laifi a bakin matar nan, ai lambar yabo ce. Ta ce shi zan gabatar a gaban likitoci a ƙarshen horo. Maganar roba kuwa an ajiye ta gefe.

Da na ga yana ci, sai na ƙara himma. Na zauna na yi lissafi, na je kicin na ce a ƙara masa yawa, a sa mai da garin madara da ƙwai a cikin markaɗen, don jiki ya murmure da wuri. Kifi da madara da ƙwai a inji guda, Yaya! Ƙarnin da ke tashi ko mai dafawar sai da ta toshe hanci. Na ce a raina anya zai iya? Sai ga faranti ya dawo fes. Na ce lallai dattijon nan jarumi ne.

Ba na ganin lokacin da yake ci, don tsarin aikinmu bai ba da dama ba. Da safe muna zagayen gadaje da likitoci bayan an kwashe kayan karin kumallo. Lokacin abincin rana muna aji ana yi mana darasi. Na yamma kuma mun riga mun tashi, sai da safe mu tarar da farantan a jere. Mu da faranti muke hulɗa. In gaya miki gaskiya, hakan ya yi mini daidai, don ganin markaɗe yana dalala ta gefen bakin mutum ba abin da zan iya tsayawa kallo ba ne.

Abin da ke damu na a gadon nan yanzu Mama ce. Allah Ya gani ba na son in yi da tsohuwa, amma ta fara gundura ta. In ta matso gaishe ni, sai ta yi wata irin gyatsa mai ƙarnin kifi, ta kare baki da mayafi tana ba ni haƙuri. Gefen mayafin duk tabon markaɗe ya bushe a jiki. Rannan na shiga bayin mata na tarar da ita ta dafa bango tana kakarin amai, na juya da gudu ko sannu ban ce ba. Na ce a raina, mutum yana jinya ai sai ya kula da tsaftar kansa. Kuma duk ta ƙi sakin jiki da mutane. Nas ta ce da an kawo abinci sai ta ja labule ta rufe gadon ruf, wai Baba ba ya son a ga yana ci.

Abin mamaki, shi Baba tsaf take ajiye shi. Kullum ta yi masa aski, ta yanke masa farce, ta ɗaura masa agogonsa a hannun hagu. Ta ce mini mutum ne mai tsananin tsafta, a kan farin ƙyalle yake baje kayan aikinsa, kuma tunda ta aure shi bai taɓa shan ruwa a kofin wani ba, har nata. Na yi dariya na ce ashe ɗan'uwana ne. Na juya don in yi masa wasa, ya kau da kai ya zuba wa agogon bango ido. Haka yake yi mini kullum. Yana kallon nas, yana kallon mai shara, ni ce dai ba ya kallo. Na bar shi a kan halin tsufa.

Ya kamata a ce an auna nauyinsa, amma kujerar awon da ake ɗora waɗanda ba sa iya tsayawa ta lalace, an kai gyara. Dogo ya bi ni zagaye jiya, muna fitowa ya ce wai ban lura ba agogon Baba yana zamewa har kusa da gwiwar hannu. Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce, ya je ya ji da nasa majinyacin mai tofi a faranti.

Ki taya ni addu'a in gama lafiya in rabu da bokiti. Ki ce wa maigidanki ina gaishe shi, yara kuma su daina taɓa mini kofi.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Umma da kowa. Ni lafiyar jiki kam akwai ta.

Ki yaga takardar da na aiko miki kwanaki. Ba na son ta zauna a duniya.

Yau da safe nas ta kira ni lokacin da suke juya Baba don su canza masa shimfiɗa. Ta ce likitar abinci, zo ki gani. Yaya, bayansa ya ɓule. Gyambo ne a ƙasan ƙugu, faɗinsa ya kai tafin hannuna, gefensa baƙi, yana ruwa. Warin ya ratsa takunkumi da turaren da na fesa. Da suka ɗaga rigarsa kuwa, haƙarƙari ne a jere, fata ta manne musu. Ni kullum a lulluɓe nake ganin sa, daga ƙafar gado nake tsayawa. An dawo da kujerar awo, aka ɗora shi. Da na ga abin da allurar ta nuna sai na ce sikelin bai gyaru ba. Nas ta hau da kanta, ya nuna nauyinta daidai.

Na kai wa Sikeli. Na soma zuba bayani, ko ciwon ne ke cinye abincin, ko hanjinsa ne ba ya riƙewa. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi mini tambaya guda, ta ce na taɓa gani da idona cokali ya shiga bakinsa, maƙogwaronsa ya motsa? Na ce a'a. Ta ce in bar darasin yau, in je in zauna a gefen gadon har a gama abincin rana.

Na je. Da aka kawo farantin, Mama ta karɓa, ta dube ni, ta ce 'yata ki ɗan ba mu wuri, kin san halinsa. Kin san Allah, daɗi na ji. Na fita na tsaya bayan labule, ina cewa a raina ai ko daga nan zan ji. Na ji ƙarar murfi. Na ji cokali yana karta faranti, sauri-sauri, ba irin na mai lallaɓa marar lafiya ba. Sai na ji kakari, an danne shi. Kuma ba muryar namiji ba ce.

Na yaye labulen.

Tana zaune a bakin gado ta ba shi baya, farantin a cinyarta. Ta toshe hanci da hannu ɗaya, ɗayan yana kai cokali baki. Hawaye na zuba, markaɗe a haɓarta, wuyanta yana ta ƙoƙarin mayar da abin da ta tura masa. Baba kuma ya juya fuska bango, ya damƙe idonsa. Ta ci ya kai rabi. Da ta gan ni, ba ta ajiye cokalin ba sai da ta haɗiye na bakinta.

Yaya, ita ce. Tun farko ita ce ke cinyewa. Safe da rana da yamma. Man da na ƙara, da madarar, da ƙwan, da yawan da na sa aka ninka, duk cikin tsohuwar nan suka shiga. Ta rasa inda za ta zubar, don masu shara suna duba kwandon, bayi kuma sai ta ratsa gaban tebur ɗin nas da faranti a hannu. Sai ta zuba a inda ba mai dubawa. Ni kuma ina can ina yatsine fuska don ta yi gyatsa a gabana.

Ta kama gefen farar rigata da hannun nan mai markaɗe, ban ko janye ba. Ta ce in rufa mata asiri don Allah. Ta ce kullum tana gwadawa, tana roƙon sa, yana datse haƙora. Abin da yake karɓa kawai 'yar madara mai kauri, ita ma sai ta yi da gaske. Tana ta sa rai gobe zai ci, gobe zai ci, in ya so ba wanda zai san an yi. Ta ce alkawari ta ɗauka, ba ta da abin da za ta ba shi yanzu a duniya sai wannan.

Na tambaye ta ko ya taɓa ɗanɗanawa ma ya ji ba daɗi. Ta ce ko sau ɗaya. Sannan ta ce kada in ji haushi, ba laifina ba ne, yarinta ce. Ranar da na kawo farantin farko yana kallo na. Ya ga yadda na yi da fuska, ya ga yadda na dire shi da bakin yatsu. Bayan na fita ta ɗebo cokali, ya dubi ƙofar da na bi, ya dubi cokalin, ya rufe baki. Mutumin da ko kofin matarsa ba ya sha, ta ce, ta yaya zai buɗe baki ga abin da mai kawo shi ma ta kasa kallo?

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har tana gyara mini rigar da ta ɓata.

Na sha jin ƙyamar abubuwa a asibitin nan, kin sani, na cika miki takardu da su. Yau na san wadda ta fi bokiti. Na tsaya gaban madubin bayi na cire takunkumi, na kasa kallon abin da ke ciki.

Ban yi mata alkawari ba, ban kuma koma wajen Sikeli ba, na ce kaina ke ciwo na taho masaukina. In na yi shiru, yunwa za ta ƙarasa shi a hankali, farantinsa yana dawowa fes. In na faɗa, abin da ya fi tsoro a duniya shi za a yi masa, kuma da bakina. Na san wanda zan yi, Yaya. So nake kawai in gaya wa wani kafin in yi.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Umma tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar hidima, ina tambayar lafiyar Umma da yara da maigida. Na ga amsarki. Kin ce in daina cin kaina, wanda bai yi kuskure ba bai yi aiki ba. Na gode, na san don ki kwantar mini da hankali kika faɗa.

Na faɗa. Da sassafe na sami Sikeli na gaya mata komai, har da cokalin da na goge a takarda ranar ɗanɗano, don a nan abin ya faro. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce faranti ba ya ci, mutum ke ci, kuma ita ma da nata laifin, tunda ta yaba wa takarda ba ta je ta ga mutum ba. Na roƙe ta ta ba ni dama. Na ce zan shiga kicin da kaina in markaɗa komai daban, karas da launinsa, kifi da nasa, in jera su da kyau, in zauna a gabansa in fara ci. Ta ce da a makon farko na yi wannan tunanin, da ya yi amfani. Likita ya gwada haɗiyarsa, ya ce yunwa ta cinye ɗan ƙarfin da ya rage a maƙogwaron, yanzu ko madarar ma tana iya wucewa huhu. Ba sauran zaɓi.

Aka kira babban ɗansu, ya zo daga wajen aiki, aka nuna masa gyambon. Ya fita waje ya daɗe, ya dawo ya ce a saka. Mama ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Sikeli ta ce in tsaya a wurin, majinyacina ne. Na tsaya, kuma ba a ƙafar gado ba. Ba zan ba ki labarin yadda robar ke shiga ba. Ya yi gurnanin nan, ya yi kakari, majina da hawaye suka haɗe masa a gemu, ni na goge masa, ban tuna da safar hannu ba sai daga baya. Kafin la'asar ya fizge ta. Aka mayar. Ya sake kai hannu. Sai nas ta kawo bandeji ta ce ba yadda za a yi. Agogon ya tsaya mata a hanya, ta kwance shi ta miƙa wa Mama, ta ɗaure hannun a ƙarfen gado. Hannun nan guda da ya rage masa.

Yana raye, Yaya. Ni nake lissafa abin da ake ɗura masa, kuma yanzu ina tsayawa har ya gama shiga. Nas ta ce gyambon ya soma ja, alamar zai warke. Likita ya ce in ƙarfi ya dawo watakila a sake gwada cokali, watakila kuma a'a. Kowa yana cewa an ceto shi. Shi dai idonsa na kan agogon bango. Mama kuwa tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Ba ta harare ni, ba ta juya baya, sai dai in na ce ina kwana ta ci gaba da ninke tawul kamar iska ce ta wuce.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru jiya. A cikin ruɗanin nan na manta ban je kicin na soke abincinsa ba. Da rana ina fitowa daga ɗakin maza sai mai tura keken abinci ta miƙo mini faranti, ta ce na gadon taga. Markaɗen nan ne, irin wanda na tsara da hannuna, mai ƙarin mai da madara da ƙwai. Na karɓa zan kai ɗakin bokiti. Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ni zaune a kan bencin baranda, farantin a cinyata, na ɗaga murfi.

Na so a ce zan rubuto miki cewa ashe ba shi da muni, ashe tsoro ne kawai. Ƙarya ne. Ya fi yadda nake zato muni. Ɗumi-ɗumi, ga santsi, ga ƙarni, ga wasu 'yan ƙayoyin kifi da injin bai cinye ba. Cokalin farko ya tsaya mini a wuya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na tura na biyu a kansa. Idona ya kawo ruwa, mutane suna wucewa suna kallon mai farar riga tana kakari a baranda.

Sai na ga ƙafafu sun tsaya a gabana. Mama ce, da kwano a hannu za ta ɗebo ruwa, agogon Baba ɗaure a wuyan hannunta. Ta daɗe tana kallo na. Sannan ta ce ba haka ake yi ba. Ta ce kada in bari ya zauna a harshe, in tura cokalin can ciki, in riƙe numfashi, kuma kada in kalli farantin, in sami wani abu a bango in zuba masa ido. Tana gama faɗa ta wuce wajen famfo. Maganar da ta yi mini ke nan tun ranar.

Na yi yadda ta ce. Ya fi sauƙi kaɗan. Na yi ta turawa har inda na ji in na ƙara ɗaya komai zai dawo, na rufe murfin na kai ɗakin bokiti. Hannu ya riga ya saba, kafin in farga na kankare sauran na ɗora a sikeli.

Ko rabi ban ci ba, Yaya.

Ki gaida Umma, ki ce mata ina nan ina koyon aiki. Allah Ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Auta